Fannami da Iskar Tsohuwar Marsandi

Fannami mutumin Bama ne, kuma firji ya tashi yana gyarawa. Tun yana saurayi mahaifinsa ya kai shi Maiduguri wajen wani mai gyara, ya zauna har hannunsa ya faɗa, sannan ya koma gida ya buɗe shago a bakin kasuwa. Masu ƙanƙara da masu zoɓo da masu sayar da kifi duk wurinsa suke zuwa. A nan ya auri Yagana, wadda ta gaji haɗa turaren wuta daga mahaifiyarta, irin wanda in aka turara ɗaki da safe, har la'asar baƙo zai shigo ya tambaya ina aka samo shi.

Shekarar da aka tarwatsa garin, da ƙafa suka fita, 'yarsu Halima Sadiya tana goye. Shagon da abin da ke cikinsa Fannami bai sake ganinsu ba. Maiduguri ta cika ta batse da mutane irinsu, sai wani yayan Yagana da ke ɗinki a Gombe ya aiko su zo. Haka suka sauka a unguwar Malam Inna, a ɗaki ɗaya da 'yar rumfa.

Da farko ya nemi sana'arsa. Ya zaga shagunan masu gyaran firji, aka karɓe shi da mutunci, aka ba shi ruwa ya sha, amma kowa yana da mutanensa, shi kuma ko sukudireba ba shi da ita. Mai firji kuwa ba ya ɗaukar kayansa ya miƙa wa wanda bai san asalinsa ba. Da abin ya ƙi, ya karɓi keke napep a hannun wani maƙwabci ya hau titi. Ya daɗe a kan keken nan, har Halima Sadiya ta shiga firamare ta yi nisa. Bai taɓa cewa keken ya ishe shi ba, sai dai Yagana ta lura duk ran da hira ta biyo ta kan firji, yakan tashi ya ce zai duba taya. Ita kam turarenta ya karɓu a Gombe, matan unguwa har na Barunde suna aikowa.

A kan keken ya haɗu da Mama Lois. Tsohuwar malamar firamare ce, 'yar Kaltungo, tana zaune a Federal Low-Cost da mijinta Baba Nehemiah. Shi kuma ma'aikacin jinya ne da ya yi ritaya. Ya yi shekarunsa yana karɓar waɗanda kububuwa ta sara a gonakin ƙasar Tangale, yanzu ciwon zuciya ya zaunar da shi. Ran da Fannami ya fara ɗaukarsu zuwa asibiti, ya riƙa kauce wa ramukan hanya a hankali ba tare da an roƙe shi ba, sai Mama Lois ta karɓi lambarsa. Daga nan duk ranar ganin likita shi ake kira.

A tsakar gidansu, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, akwai tsohuwar Marsandi irin wadda ake ce wa bibut, launin madara. Injinta lafiya lau, Mama Lois ma takan je coci da ita da sanyin safiya. Amma da rana ta ɗaga sai motar ta zama tanda, don esinta, wato na'urar sanyin, ya daɗe ba ya aikin kirki. An sha sa mata gas, abin bai canja ba. Shi ya sa suka gwammace keke, ko ba komai iska tana ratsa shi.

Shekarar da azumi ya haɗu da Ista a tsakiyar bazara aka sa bikin autarsu Olivia a Kaltungo. A hanyar dawowa daga asibiti Fannami ya ji suna gardama a bayansa. Likita ya ce tafiya cikin wannan zafi ba ta Baba ba ce, sai in a mota mai sanyi. Mama Lois ta ce ta riga ta yi magana da wani a cocinsu, zai ba da aron tasa. Baba ya ce shi a motarsa ya kai yayyen Olivia coci ranar aurensu, kuma a cikinta zai kai wannan. Ba zai shiga garinsu a motar aro kamar wanda aka ɗauko daga gadon asibiti ba. Ta ce to sai dai ya zauna a gida.

A ƙofar gida Fannami ya taimaka wa Baba ya sauka, sannan ya tsaya yana kallon motar. Ya ce wa Mama Lois shi bai taɓa sa hannu a esin mota ba, amma a da firji yake gyarawa, in ta yarda zai so ya duba. Ta yi mamaki, don duk tsawon lokacin da yake ɗaukarsu bai taɓa faɗar haka ba. Ta ɗauko makulli ta tada motar, ta kunna esin.

Ya buɗe bonet ya saurara, ya ji kwamfireso, wato injin da ke haɗa sanyin, ya kama. Ya ɗan jira, sannan ya ɗora bayan hannu a kan bututun da ke fitowa daga cikin motar ya nufi inji. Sanyi ƙarara, har raɓa ta fara taruwa a jikinsa. Ya zagaya ya zauna a gaba, ya tara hannu a ƙofofin iskar da ke fuskantar ƙirjin mutum. Kusan babu komai. Fanka kuwa tana ta gurnani a wani wurin da ba ya gani.

"Mama, sanyi yana nan," ya ce. "Gas ɗinku bai zube ba. Hanyar fitowa ce bai samu ba."

Ta tambaye shi ko zai iya buɗe masa hanyar. Ya ce bai sani ba, amma zai gwada, in ya ga abin ya fi ƙarfinsa zai mayar da komai yadda ya same shi.

Ko inda fankar take bai sani ba. Wanda ya faɗo masa a rai shi ne Bamanga, wani dattijon Bafulatani mai gareji a Barunde, wanda ya tsufa a kan Marsandi. Fannami ya sha kai masa masu neman gyara, kuma ba sa haɗuwa su rabu ba su taɓa wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari ba. Da ya ji abin da ya kawo shi, Bamanga ya yi dariya ya ce yau Babarbare zai shiga cikin motar Jamus, Allah ya sa su fito lafiya su biyun. Amma ya tashi ya ja shi bayan gareji, inda wata gawar bibut take zaune a kan duwatsu babu taya. Ya nuna masa fankar tana ƙarƙashin waifa, sai an cire waifar da murfin roba kafin a kai gare ta. Ya ce shi inji da giya ya sani, harkar sanyi bai taɓa sa kansa ba, don haka kada a dawo ana masa kuka. Sannan ya haɗa masa sifanoni da sukudireba a tsohon buhu ya ba shi aro.

Fannami ya riƙa yin keke da safe, in rana ta take fasinja ya ragu sai ya nufi gidan. Da azumi a bakinsa ya cire waifar, ya jera kusoshi a kan tsumma yadda suka fito don kada ya ruɗe wajen mayarwa. Da ya ɗaga murfin sai da ya ja da baya. Duk abin da dogon yaron nan ya zubar tsawon shekaru yana wurin: busasshen ganye, 'ya'yan bishiyar da suka ruɓe suka bushe, ga kuma sheƙar ɓera da aka yi da soson kujera da ɓawon gyaɗa. Cikin wannan shara fankar take juyawa. A bayanta akwai wani abu kamar ƙaramin lagireto, wanda iska ke ratsawa ta ɗauki sanyi. Wannan kam Fannami ya gane shi nan take, don akwai irinsa a cikin firji. Fuskarsa ta toshe da datti har ta yi kamar an shimfiɗa mata bargo.

Ya kwashe sharar da hannu, ya nemi tsohon buroshin haƙori ya bi siraran haƙarƙarin ƙarfen a hankali kada su lanƙwashe, yana zuba ruwa da buta. Ruwan ya ƙi sauka. Ya gane ramin da ke zubar da shi ƙarƙashin mota ma ya toshe, ya zura waya ya buɗe shi, baƙin ruwa ya tsiyaye ƙasa. Baba Nehemiah, da aka fito masa da kujera baranda yana kallo, ya ce aikin nan ba shi da bambanci da wanke ciwo, in ba a kai ƙasa ba an yi aikin banza.

Da ya mayar da komai aka kunna, fankar ta ɗauka da ƙarfi. Ta fara feso guntun ganye, sannan iska mai sanyi ta biyo baya. Mama Lois ta tafa hannu, ta ce bari ta kira Olivia ta yi mata albishir. Fannami ya ce ta dakata a ga yadda za ta yi a kan hanya, don ya lura wata iskar tana zurarewa ta ƙasan gilashin gaba alhali ba can aka juya ta ba.

Mama Lois ta ja, shi yana gefenta. Cikin gari komai daidai. Da suka kama hawan Tumfure ta taka totur, sai iskar da ke bugun fuskarsu ta ja baya ta ɗauke ɗif, fanka kuwa tana nan tana kuka. Ya kai hannu ƙasan gilashin gaba, ya ji duk sanyin can ya koma. Da suka juyo suka kama gangara, iskar ta dawo ƙirjinsu kamar ba abin da ya faru. Suka sake hawa, ta sake ɗaukewa.

Hanyar Kaltungo hawa da sauka ce, kuma Baba a kujerar baya zai kishingiɗa, inda iskar gilashi ba ta kaiwa. Mama Lois ta ce ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa, za ta san yadda za ta lallashi Baba ya shiga motar aro. Fannami ya roƙe ta kada ta gaya wa Baba komai tukuna. Daga baya, da na san shi, ya ce mini da a ce tun farko bai ji sanyin nan a hannunsa ba, da ya haƙura. Amma ya ji shi, kuma ya san yana nan.

Ya koma wajen Bamanga ya kwashe masa yadda aka yi. Bamanga ya daina wasa, ya ce wannan ɓangaren ya shafi inji, don haka ya san wani abu a kai. A irin waɗannan tsofaffin motoci, ƙyauren da ke juya iska sama ko ƙasa ba waya ke jansa ba, inji ne ke zuƙarsa ta wasu siraran tiyo. In an taka totur zuƙar tana raguwa, shi ya sa aka yi wani ɗan tulu da ke ajiye ta, da ɗan bawul da ke hana ta komawa. In akwai huda a wani wuri ajiyar sai ta zube, ƙyauren ya saki, iska ta koma gilashi. Ya nuna masa a jikin gawar motar yadda tiyon nan kala-kala suka shige bayan dashbod suka rarrabu. Ya ce masu yi da baki suke zuƙar kowanne, su ɗora harshe su ji ko zai riƙe. In bai riƙe ba sai a bi shi har inda ya tsage, wani lokaci sai an sauke dashbod gaba ɗaya.

Fannami ya tafi da wannan a ransa. Ba zai zuƙi tiyo mai warin fetur da azumi a bakinsa ba. Dashbod ɗin kuma rana ta gasa shi, in aka ce za a sauke, abin da zai karye sai ya fi wanda za a gyara, ga biki ya matso. A firji kumfar sabulu ake shafawa a ga inda gas ke hurowa. Amma wannan hudar zuƙa take yi, kumfa ba za ta nuna ta ba.

Bayan shan ruwa yana zaune a rumfa, ya kasa cin abin kirki. Yagana tana turara kayan wata amarya, ta kifa kwando a kan kasko ta lulluɓe shi da zannuwa. Sai ya ga hayaƙi siriri yana fitowa ta wuri guda a jikin zanen sama. Ta bi idonsa, ta ɗaga zanen ta ga ɗan rami. Ta ce tun da ta karɓo shi ba ta lura ba, amma dama hayaƙi ba ya rufa wa zane asiri.

Fannami ya ajiye kofin kunu.

"Gobe za ki raka ni gidan Mama Lois," ya ce. "Ki taho da kaskon."

Ta ce ita ba ta taɓa turara mota ba, kuma ba za ta ɓata turarenta mai sandal, mai tsada, a kan ƙarfe ba. Da safe ta ɗebo na yau da kullum, mai yawan hayaƙi, ta ƙulle a leda.

Ranar ce matan biyu suka fara haɗuwa, suka daɗe suna gaisawa kamar waɗanda suka san juna, don kowacce ta sha jin labarin ɗayar. Dole aka gaya wa Baba gaskiyar inda aka tsaya. Bai nuna ɓacin rai ba, tambaya kawai ya yi: yaya za a tura hayaƙin cikin tiyo, tunda mai aikin ba zai sa baki ba, kuma garwashi ba ya kusantar fetur? Fannami ya ce nan ne shi ma ya tsaya. Baba ya sa Mama Lois ta ɗauko masa wani akwatin kayan aikinsa na da, ya tona ya fito da wani babban sirinji, irin wanda ake ba mara lafiya abinci da shi ta hanci. Bakinsa ya shiga tiyon daidai kamar an auna.

Yagana ta kai kaskon can gindin katanga, nesa da motar, ta kifa masa tsohon kwano mai huda. Aka kashe inji. Fannami ya cire babban tiyon daga jikin inji, ya je ya zuƙo hayaƙi da sirinji ta hudar kwanon, ya dawo ya tura a hankali. Mama Lois ta duƙa da tocila tana leƙen ƙarƙashin sitiyari. Baba ya ce shi ma ba za a bar shi a baranda ba, aka kama shi aka zaunar a kujerar gaba, ƙofa a buɗe.

Zuwan farko ba a ga komai ba, haka na bayansa. Fannami ya yi ta zirga-zirga tsakanin kasko da mota, rigarsa ta jiƙe, leɓensa ya bushe. Yagana tana fifita garwashi tana ƙara turare. Har ya fara tunanin hayaƙin a hanya yake mutuwa, sai Baba ya ɗaga hannu.

"Ku tsaya. Ina jin ƙamshi a nan, wajen gwiwata."

Fannami ya kwance aljihun dashbod na gaba ya cire shi, ya karɓi tocilar, ya ce wa Mama Lois ta je ta matsa sirinjin. Can cikin lungu wani zaren hayaƙi ya taso daga jikin wani jan tiyo. Ya zura yatsa ya juyo shi. Haƙorin ɓera ne, hudar ba ta fi ƙwayar gero ba.

Baba ya ce akwai robar ƙarin ruwa a akwatin, a yanka a sa. Fannami ya yi godiya ya ce ta yi laushi, in ta ji zafi zuƙar za ta manne ta. Ya hau keke ya tafi Barunde ya yanko tiyo mai kyau daga jikin gawar motar. Bamanga ya ce tunda ya zo ya tafi da ɗan bawul ɗin ma, ba a sani ba. Da ya dawo ya gwada tsohon bawul da sirinji, ya ga iska tana wucewa gaba da baya, wato shi ma ya mutu. Na gawar motar kuwa hanya ɗaya yake bari. Ya canja duka biyun. Ya sake tura hayaƙi, babu inda ya fito, sirinjin ma ya ƙi matsuwa, yana turo babban yatsansa baya. Kafin ya rufe murfin fanka ya yanko ragar waya ya ɗaura a bakin ramin da ɓera ya bi, ya ce wa Mama Lois motar ta bar ƙarƙashin bishiyar nan daga yau.

Wannan karon su huɗu suka fita. Yagana ta zauna gaba kusa da Mama Lois, Fannami ya zauna baya da Baba don ya ji ko iskar tana isowa. Da suka kama hawan Tumfure Mama Lois ta danna totur har injin ya yi ƙara. Fannami ya kafa ido a kan gefen mayafin Yagana da iskar ke kaɗawa. Suka kai tsakiyar hawan yana kaɗawa, suka kai ƙarshe yana kaɗawa. Sanyin ya ratso tsakanin kujeru ya same shi a wuya. Ya yi hamdala a hankali. Mama Lois ta juya motar ta sauka, ta sake hawa da gudun da ya fi na farko.

"Lois, rage abin nan," in ji Baba. "Ciwon zuciya ya bar ni na kai yau, kada mura ta zo ta kashe ni."

Dariya ta hana ta tuƙi, sai da ta gangara gefen titi ta tsaya.

Ranar tafiya Baba ya ce ba inda za shi sai da Fannami. Fannami ya zauna gaba da buhun kayan aiki tsakanin ƙafafunsa, bai kuwa buɗe shi ba har suka dawo. Yagana ta ba da kwalbar turare a kai wa amarya. Suka wuce Kumo, suka wuce Billiri, rana tana dukan duwatsu har ido ba ya son kallonsu, Baba kuwa yana barci a baya da hula a fuska. A harabar coci ya fito da ƙafarsa, ya gyara babbar rigarsa, ya kama hannun Olivia suka shiga, mata suna guɗa.

Fannami ya zauna a inuwa yana jin waƙoƙi daga ciki. Da azahar ta yi ya tambayi masallaci aka nuna masa. Ya dawo ya tarar an tashi, dattawa sun kewaye motar, tsofaffin abokan aikin Baba, an tada inji kowa yana zura kai ya ji. Baba yana tsaye riƙe da ƙofa yana ba su labari da Tangale. Fannami bai ji komai a ciki ba sai sunansa, sannan ya ga duk sun juyo, wani mai sanda ya taho ya ba shi hannu ya daɗe bai saki ba.

Magariba ta riske su a Kumo. Mama Lois ta tsaya, ta fito da kwanon shinkafa da kazar da ta sa Musulmi ya yanka tun da safe saboda shi, da gorar ruwan da ta jingina a bakin ƙofar iska tun daga Kaltungo. Ya sha ruwa, ya yi salla a bakin hanya, suka jira shi.

Ba a yi sallar azumi ba sai da dattijon nan mai sanda ya aiko da motarsa Gombe. Bayansa wasu suka biyo, na Low-Cost da na cocin su Mama Lois, sannan direbobin tasha suka ji labari. Ba duka ya iya ba. Wadda ta gagare shi yakan faɗa wa mai ita tun kafin ya ɓata masa lokaci. Sababbin motoci ƙyaurensu da ƙananan injinan lantarki yake aiki, sai da ya zauna ya farfasa matattun injinan ya ga cikinsu kafin ya yarda ya taɓa na mutane. Bamanga ya ba shi gefen rumfa a garejinsa, wai gara Babarbare ya zauna inda ido ke ganinsa. Bayan babbar salla Fannami ya wanke keken tas ya mayar wa mai shi.

A rumfar nan na san shi, lokacin da tawa motar ta fara hura wa direba sanyi tana hura wa na gefensa zafi. Ina jira ana aiki na ji labarin, rabi daga bakinsa, rabi daga Bamanga, sauran kuma Mama Lois ta cika mini ran da ta kawo Marsandin a duba mata giya. Ta ce Baba yana nan, jikin yau da daɗi gobe babu, amma ya ɗauki ɗan Olivia a hannunsa, kuma yanzu a motarsa yake zuwa asibiti.

Zuwana na ƙarshe na tarar da wani direba mai suna Joda, mai jigilar Yola, ya kawo motarsa Sharon. Ya ce fasinjan gaba har rufa suke nema, na baya kuwa suna zaginsa tun daga Gombe har Numan, don haka a ƙara masa gas. Fannami ya saurare shi har ya gama, ya taɓa bututu, ya goge hannu da tsumma. Sannan ya buɗe ƙofa ya wuce can kujerar ƙarshe ya zauna, ya ce wa Joda ya rufe gilasai ya ja su je.